Ɗan Kifin Da Ba Ya Ɓata Hanyar Gida

A wannan mako za mu ɗan bar hayaniyar kasuwa da takardun ofis, mu yi doguwar tafiya zuwa gaɓar Tekun Pasifik, can wajen arewa maso yammacin nahiyar Amurka. Abin da zai kai mu kuwa wani ɗan kududdufi ne a cikin dutse, wanda sau da yawa bai fi faɗin tabarma ba, da wani ɗan kifi mazauninsa wanda tsawonsa bai wuce na yatsan babban mutum ba sai da kaɗan. Ba a sayar da shi, ba a cinsa, masunta ma ba su ɗauke shi a bakin kome ba. Amma masana sun shafe fiye da shekara 50 suna bin sawunsa, kuma abin da suka gano ya isa mai hankali ya tsaya ya saurara.

Kafin mu kai ga kifin, wajibi ne mai karatu ya san gidansa. Mu da muka saba da kogi da tafki mun san ruwa yana cikowa da damina, ya janye da rani. Teku kuwa cikowarta da janyewarta al'amari ne na kullum: a waccan gaɓa sau biyu takan ciko, sau biyu ta janye a cikin yini da dare, kuma jan da wata yake yi wa ruwa shi ne babban dalili, rana tana taimaka masa. Saboda haka ne lokacin cikowar yake jinkirta da kamar minti 50 kowace rana, daidai da yadda fitowar wata take jinkirta dare bayan dare. A kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu, sa'ad da rana da wata suka yi layi ɗaya da duniya, cikowa takan yi tsanani, janyewa kuma ta yi nisa ƙwarai. To, idan teku ta janye daga gaɓar da take ta duwatsu, sai ta bar ruwa a cikin ramuka da kwarurrukan dutse. Waɗannan su ne kududdufan da muke nufi. Za su zauna a yanke da uwar teku na 'yan sa'o'i, har ruwa ya komo ya rufe su.

Turawa suna kiran dangin wannan kifi sikalfin, dangi ne mai iri ɗaruruwa, galibinsu mazauna ruwan sanyi na arewacin duniya. Wanda muke magana a kansa, watau sikalfin na kududdufi, masana suna kiransa Oligocottus maculosus. Wani masani Bafaranshe mai suna Charles Girard, wanda ya yi aiki a Cibiyar Smithsonian ta birnin Washinton, shi ya raɗa masa wannan suna a 1856, kuma kalmar ta biyu a Latin tana nufin mai ɗigo-ɗigo. Ana samunsa tun daga Tekun Okhotsk ta gabashin Rasha, ya biyo ta Tekun Bering da Alaska, ya gangaro gaɓar Kanada har kudancin Kalifoniya. Mafi girmansa bai cika santimita 9 ba, watau kamar inci uku da rabi, kuma wanda ya yi tsawon rai a cikinsu shi ne ya kai shekara 5.

Ba za a kira shi kyakkyawa ba. Kai gare shi babba, idanu a sama, jiki kuma ya tsuke zuwa wutsiya. Ba shi da ɓawo irin na karfasa, fatarsa sumul take, sai wasu 'yan tuzaye kamar gashi a kansa da gefen jikinsa. Fuka-fukan da ke bayan kansa faffaɗa ne kamar mahuci, da su yake dogarawa a kan dutse. Abin lura kuma, ba shi da jakar iskar nan da ke cikin yawancin kifaye, wadda take sa su tsaya a tsakiyar ruwa ba tare da wahala ba. Saboda haka da zarar ya daina iyo sai ya nutse ƙasa. Wani zai ce wannan naƙasa ce. A wurin da taguwar ruwa take dukan dutse dare da rana kuwa, kifin da yake da sauƙin tasowa sama shi ruwa zai kwasa ya maka da dutse, wanda ya lafe a ƙasa shi zai tsira. Launinsa yakan zama kore, ko ƙasa-ƙasa, ko ja-ja, da wasu baƙaƙen dabbare a gadon baya kamar an ɗora masa sirdi, kuma yana iya sauya launin ya dace da inda ya kwanta. Mutum sai ya daɗe yana kallon kududdufi yana cewa babu kome a ciki, sai inuwarsa ta gifta, ya ga abin da ya zaci tsakuwa ce ya yi wuf ya shige ƙarƙashin dutse.

Zaman kududdufi ba zaman jin daɗi ba ne. Ruwan tekun can mai sanyi ne ƙwarai, amma idan janyewa ta faɗo da tsakar rana a lokacin zafi, ɗan ruwan da ya rage a dutse yakan ɗumama da sauri, sa'an nan teku ta komo ta kwara masa ruwan sanyi a lokaci guda. Rana takan ƙafar da ruwan, gishiri ya yi yawa. Idan kuma aka yi ruwan sama, ga shi ƙasar mai yawan ruwan sama ce, sai gishirin ya tsinke. Amma mafi tsanani duka shi ne al'amarin iskar numfashi, watau oksijin. Da rana ciyayin teku da gansakuka suna fitar da ita har ta yi yawa a cikin ruwan. Da dare kuwa sai su daina, su koma suna shaƙarta tare da ƙaguwa da dodon koɗi da duk wani mai rai da ke cikin ramin, ba kuma wani sabon ruwa da yake shigowa. Idan janyewa ta faɗo da dare, kafin asuba iskar takan kusa ƙarewa ƙaf, kamar ɗaki ne aka cika da mutane aka toshe ƙofa da taga.

A nan ne ɗan kifin yake nuna abin da ya iya. Da farko yakan taso ya sa bakinsa dab da fuskar ruwa, inda 'yar iska take shiga daga sarari. Idan abin ya ƙi, sai ya fito da kansa, ko ma jikinsa duka, ya kwanta a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ko dutse mai laima, ya riƙa shaƙar iskar sarari har ruwa ya komo. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san tarwaɗa, wadda take daɗewa da rai a kan tebur ɗin mai kifi, ko gaiwa da take shafe rani a cikin busasshen taɓo. Bambancin shi ne, gaiwa tana da huhu, tarwaɗa tana da wata gaɓa ta musamman a cikin kanta domin shaƙar iska, shi kuwa sikalfin ba shi da ko ɗaya, da mashaƙarsa ta kifi da jiƙaƙƙiyar fatarsa yake lallaɓawa. A 2009 wasu masana na Jami'ar Biritish Kolombiya, Milica Mandic da Anne Todgham da Jeffrey Richards, suka gwada iri-iri na wannan dangi, na kududdufi da na ruwa mai zurfi. Suka tarar na kududdufi sun fi jure ƙarancin iska, kuma dalilai uku ne suka fi bayyana haka: ba su cin iska da yawa idan suna hutawa, mashaƙarsu ta fi faɗi idan aka gwada da nauyin jikinsu, sa'an nan jan sinadarin da ke cikin jininsu ya fi kama iskar da ƙarfi ko da kaɗan ce ta rage. Sai dai fitowa sama tana da tsada, domin a bakin kududdufin akwai babban zalɓe na ƙasar, yana tsaye da ƙafa ɗaya, ba abin da yake jira sai wannan. Saboda haka kifin yakan jinkirta tasowa matuƙar ya hangi alamar tsuntsu a sama, ya zaɓi ƙuncin numfashi a kan bakin zalɓe har sai ya ga babu makawa.

Abincinsa 'yan ƙananan halittu ne dangin jatan lande, masu tsalle-tsalle a cikin ciyawa, da tsutsotsin teku. Ba ya bin su da gudu, kwanton ɓauna yake yi. Shi kuma, ban da zalɓe, manyan kifaye suna cinsa idan ruwa ya ciko. An kuma gano a 1991 cewa idan aka ji wa ɗaya rauni, warin da ke fita daga fatarsa yakan sa 'yan'uwansa su rage motsi su nemi maɓuya. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta hanci, domin za mu komo kanta.

Abin da ya sa sunan wannan kifi ya shiga littattafan masana kuwa shi ne sanin gida. A yammacin Tsibirin Bankuba, kusa da wani ɗan gari mai suna Port Renfrew, akwai wata gaɓa mai shimfiɗaɗɗen dutse cike da kududdufai, wadda tun 1901 wata malama ta Jami'ar Minesota, Josephine Tilden, ta kafa tashar bincike a wurin. A yankin nan ne wani masani mai suna John Green ya yi aikin da ya buga a 1971. Ya riƙa kama kifayen yana sa musu alama yana sakinsu, sa'an nan ya komo ya duba. Ya tarar idan teku ta ciko sukan fita kiwo a kewaye, amma kafin ta janye kowa ya koma kududdufinsa, ko ɗaya daga cikin 'yan kududdufan da ya saba da su, kuma haka suke yi wata da watanni. Sai ya ɗauki waɗansu ya kai su nesa ya saki. Suka komo. Mafi nisan da aka ga sun komo daga gare shi mita 102 ne. Kada mai karatu ya raina mita 102. Ga halittar da ba ta kai santimita 9 ba, wannan ya ninka tsawon jikinta fiye da sau 1,000, kuma ba hanya ce miƙaƙƙiya ba, duwatsu ne da kwazazzabai da taguwar ruwa mai jifa da mutum ma, balle kifi.

Bai tsaya nan ba. Ya tsare waɗansu wata 6 a wani wuri dabam, sa'an nan ya komo da su gaɓar ya sake su nesa da kududdufinsu, suka kuma nemo shi. Wata 6 ga mai ran da bai wuce shekara 5 ba daidai yake da a yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki na shekara 6 ko 7, a komo da shi da dare a sauke shi a bayan gari, a ce ya nemo ƙofar gidansa ba tare da ya tambayi kowa ba.

Da me yake gane hanya? A 1974 wani masani mai suna Khoo ya buga sakamakon gwajin da ya yi domin amsa wannan tambaya. Ya hana waɗansu gani, ya hana waɗansu jin wari, ya kai su nesa ya saki. Gwaji ne marar daɗin ji, kuma a yau hukumomin jami'o'i sun tsananta sharuɗɗa a kan irin wannan aiki, abin da muke ganin daidai ne. Abin da ya fito shi ne ido da hanci duka suna da hannu a ciki, amma rashin hanci ya fi gurgunta komowar. Ashe kowane lungu na gaɓa yana da warinsa, gwargwadon ciyayi da halittun da ke zaune a wurin, kifin kuma ya haddace na unguwarsu. Binciken da ya biyo baya ya nuna ƙananan da ba su daɗe da sauka a gaɓa ba ba su iya komowa kamar manya. Watau abin koyo ne da sabo, ba a haife su da taswira a ka ba.

Dalilin wannan naci a bayyane yake ga wanda ya fahimci kududdufi. Sa'ad da teku ta ciko, duk ramukan dutse a rufe suke da ruwa, ba a bambanta mai riƙe ruwa da mai yoyo. Kifin da ya shiga ramin da bai sani ba, yana iya wayar gari a kan busasshen dutse, ko a cikin ɗan ruwa marar zurfi wanda rana za ta dafa. Wanda ya koma inda ya kwana jiya lafiya, ya san zurfinsa, ya san maɓuyarsa, ya san ta inda zalɓe yake ɓullowa. Fatake sun san wannan hisabi tun kafin masana su rubuta shi, shi ya sa ba su sauya masauki a garin da suka saba sauka sai da babban dalili.

Abin mamaki kuma, gidan nan da yake riƙo da shi haka ba nan aka haife shi ba. Kifin salmon, wanda ya yi suna a waccan gaɓa, rafin da aka ƙyanƙyashe shi yake komawa ya yi ƙwai. Sikalfin ba haka yake ba. Yakan balaga yana da kamar shekara 1. Ba kamar yawancin kifaye ba, waɗanda mace take zuba ƙwai namiji ya bi ya watsa musu iri a cikin ruwa, shi namijin wannan kifi yakan riƙe macen ne su sadu. A wani ɗan'uwansa na gaɓar Hokkaido, masanan Japan sun gano cewa irin namiji yakan zauna tare da ƙwai a cikin cikin mace, amma ƙwan ba ya ɗaukar rai sai ya fito ya taɓa ruwan teku. Macen sikalfin na kududdufi takan manna ƙwanta ɗan gungu-gungu a tsagar dutse, ko a tsakanin kumbar teku, ko a cikin ƙoƙon wasu ƙananan halittu masu manne wa dutse idan mai ƙoƙon ya mutu ya bar shi fanko. Daga nan ta yi tafiyarta, ba uwa ba uba a kan ƙwan. A nan ya saɓa da babban ɗan'uwansa da ake kira kabezon, watau mai ƙaton kai da harshen Sifaniyanci, wanda yake kusan kai mita guda, namijinsa yana gadin ƙwai har su ƙyanƙyashe, ƙwan kuma guba ne ga mutum ko da yake ana cin naman.

'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe ƙanana ne ƙwarai, kusan ana ganin haske ta cikinsu. Ruwa yakan kwashe su zuwa sararin teku, su yi kwana 30 zuwa 60 suna yawo a cikinsa, mafi yawansu su ƙare a cikin wasu kifaye. Waɗanda suka tsira su ne suke gangarowa gaɓa su sauka a kududdufin da suka samu, daga nan kuma ya zama gida. A Tsibirin Tatoosh na Jihar Washinton, wanda yake ƙasar ƙabilar Makah ne, wata masaniya mai suna Catherine Pfister ta shafe shekaru tun wajen 1990 tana ƙidaya waɗannan kifaye tana auna su. Daga cikin abin da aikinta ya nuna akwai cewa idan suka yi cunkoso a kududdufi ɗaya girmansu yakan ragu, domin abincin ramin ƙayyadadde ne.

Duk wannan juriya tana da iyaka, kuma an auna iyakar. A 2005 Anne Todgham da abokan aikinta suka ɗauki waɗannan kifaye suka ƙara wa ruwansu zafi da digiri 12 na ɗan lokaci, suka bar su suka huta, sa'an nan suka jarraba su da gishiri mai tsanani da ƙarancin iska. Waɗanda suka sha zafin sun fi waɗanda ba su sha ba tsira, kamar dai zafin farko ya shirya jikinsu ga wahalar da ke tafe. Amma da aka kai ƙarin zuwa digiri 15, sai abin ya juye ya zama cuta. Digiri 3 kacal ke tsakanin horo da halaka.

A ƙarshen watan Yuni na 2021 wani zafi da ba a taɓa rubuta irinsa ba ya sauka a yammacin Kanada da arewa maso yammacin Amurka. Ran 29 ga watan, ma'auni ya kai digiri 49.6 a wani ƙauye mai suna Lytton, zafin da ya wuce abin da Sakkwato ko Maiduguri suka saba gani a tsakiyar bazara, kuma washegari gobarar daji ta cinye mafi yawan ƙauyen. Hukumar binciken mace-mace ta Lardin Biritish Kolombiya ta ƙidaya mutum 619 da zafin ya kashe. Aka yi rashin sa'a kuma kwanakin sun zo dab da cikar wata, lokacin da teku take janyewa nesa, kuma a mashigin ruwan da ke tsakanin Tsibirin Bankuba da babban yanki janyewar ta faɗo da tsakar rana zuwa azahar. Farfesa Christopher Harley na Jami'ar Biritish Kolombiya ya auna zafin duwatsun gaɓa ya tarar ya haura digiri 50, ya kuma ƙiyasta cewa halittun gaɓa fiye da biliyan 1 ne suka mutu, yawancinsu kumba da masu ƙoƙon nan da taurarin teku. Mazauna birnin Bankuba sun yi kwanaki suna jin warin ruɓa daga bakin ruwa. Gaɓar waje mai fuskantar sararin teku, inda Port Renfrew da Tatoosh suke, ta fi samun sauƙi, domin a can janyewar da safe ta faɗo, kafin rana ta yi ƙarfi. 'Yan sa'o'i ne suka raba gaɓar da ta ƙone da wadda ta tsira. Masanan da suka bincika al'amarin daga baya sun ce da wuya ƙwarai a yi irin wannan zafi in ba domin ɗumamar da hayaƙin man fetur da gawayi ya jawo wa duniya ba.

Kumba ba ta gudu, shi ya sa aka iya ƙidaya gawarta. Sikalfin yana iya nutsawa ƙasan rami ko ya shige inuwar dutse. Amma a tsakanin kumbar nan yake ajiye ƙwansa, a cikinta kuma yawancin abincinsa yake ɓuya, saboda haka idan shimfiɗarta ta mutu ta ɓamɓare, an rushe masa ɗakin haihuwa da rumbu gaba ɗaya. Ga kuma dabi'arsa ta komawa wuri guda: a zamanin da yanayi yake tafiya bisa tsarin da aka sani, ita ce garkuwarsa, amma idan kududdufin da ya dogara da shi shekara da shekaru ya zama tukunya, hancin nan nasa can zai sake kai shi.

Akwai kuma ɓarnar da take zuwa kai tsaye daga hannun mutum. A watan Disamba na 1988 wani jirgin dakon mai da ake kira Nestucca ya tsiyayar da mai a gaɓar Jihar Washinton, ruwa ya kwashe shi har yammacin Tsibirin Bankuba. A watan Maris na 1989 kuma jirgin Exxon Valdez ya zubar da wajen tan 37,000 na ɗanyen mai a Alaska. Mai a saman ruwa yake yawo, kuma idan teku ta janye a kan duwatsun gaɓa da cikin kududdufai take ajiye shi, daidai inda wannan kifi yake fitowa ya sha iska. Gaɓar nan ta kusa da Port Renfrew a yau tana cikin gandun da gwamnatin lardin ta keɓe, an hana ɗaukar kowace irin halitta daga cikinta. Masu kula da irin waɗannan wurare sukan roƙi baƙi cewa wanda ya ɗaga dutse domin ya leƙa ƙarƙashinsa ya mayar da shi yadda ya same shi, yaron da ya kamfaci ɗan kifi a gwangwani domin ya kalla kuma a sa shi ya zuba shi a kududdufin da ya ɗebo shi, kada ya kai shi na gaba.